Ƙugin da Ke Ƙuryar Shagon Yaya

Yayana mai gyaran agogo ne, kuma da kunne yake aiki. In ka kawo masa agogo, kafin ya buɗe bayansa sai ya kara shi a kunnen hagu, ya lumshe ido, ya ce maka, "Wannan ƙura ce," ko kuwa, "Wannan faɗuwa ya yi, kada ka ce min bai faɗi ba." In an buɗe kuma haka za a tarar. Shekara ashirin da bakwai yana wannan sana'a. Mutanen layin suna ce masa Mai Agogo, mu a gida Yaya. Ni ce auta, shekara goma sha ɗaya ya ba ni, kuma shi ya yi ɗawainiyar karatuna har na zama malamar makaranta. Ba mu yi kama ba ko kaɗan. Shi sai ya yini bai yi magana ashirin ba, ni kuwa zuciyata a kusa take, bakina ya fi ta kusa.

Shagonsa dogo ne siriri, kamar lungun da aka yi wa rufi. Ƙofa a gaba, ba taga. A tsakiya akwai kanta ta katako da ta tare shagon daga bango zuwa bango, nan masu kawo gyara suke tsayawa. Teburinsa kuma yana can ƙurya, manne da bangon baya, da fitila a kai da 'yar kujera mara jingina. Ba labule, ba kafet, ba ko tabarma, siminti ne zalla sama da ƙasa. Ya ce sukurun agogo bai kai ƙwayar yashi ba, in ya faɗa kan kafet sai dai a yi masa addu'a.

Saboda sukurun nan ne ya kafa dokarsa: ba mai wuce kanta. Ba abokinsa, ba mai gidan haya, ba ni. Ya ce tafin takalmi ɓarawo ne, yana ɗauke abin da ido bai gani ba. Matarsa, wadda muke kira Anti, ta taɓa shiga da tsintsiya tun suna amarci, wai za ta burge shi. Sati guda suka yi yana amsa mata gaisuwa da ka. Ni kaina kullum in na taso daga makaranta nakan biya gidansa in karɓo masa abinci, amma a kan kanta nake dire kular, in yi ta zuba masa surutu daga nan, yana can ya ba ni baya yana cewa "uhm".

Akwai abu ɗaya da ba a faɗa a gidanmu, dole kuwa in faɗe shi a nan. Babanmu ya samu taɓin hankali kafin ya rasu. Ina 'yar shekara tara abin ya fara, kuma da ji ya fara. Yana zaune sai ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru, wai ana kiransa ta bayan gida. A fita a duba, ba kowa. Shekara uku aka yi ana fama, kuma ranar da aka kai shi asibiti Yaya ne ya riƙe masa hannuwa ta baya, yana saurayi. Tun daga nan sunan abin a bakinmu "ciwon Baba". Ko a tsakaninmu ba ma ƙara komai a kai.

Wata ranar Laraba na dire kula kamar kullum, sai Yaya ya juyo gaba ɗaya, abin da bai saba ba.

"Auta, wace mota ce aka bari a kunne tun safe?"

Na leƙa waje. Mai kayan miya, mai facin taya, yara suna dawowa daga makaranta. Na ce, "Ba mota, Yaya. Ko cikinka ne yake kiran abinci?"

Bai yi dariya ba. Ya taso ya zo kanta, ya karkata kai, ya ce, "Ta tafi." Ya ɗauki kular ya koma. Yana zama na ga bayansa ya ƙame, cokali a hannu, bai kai baki ba. Ni kuwa na yi masa sallama na wuce abina, ina tunanin jarrabawar 'yan aji huɗu.

Bayan kwana goma ya sake tambayata. A wannan karon ya ce in yi shiru in saurara. Na tsaya a kanta, na riƙe numfashi. Ban ji komai ba sai tik-tik na agogunan bango da hayaniyar titi. Ya kwatanta min abin. Ya ce ba ƙara ba ce, ƙugi ne mai kauri, kamar babbar mota tana diri daga nesa. Ya ce ba ma a kunne yake fara jinsa ba, a ƙirji ne da ƙeya, wani lokacin har haƙoransa. Ba ya iya nuna ta inda yake fitowa, ko'ina ne kuma ba ko'ina ba. In ya toshe kunne da yatsu, tik-tik ɗin ne yake ɓacewa, ƙugin ya rage shi kaɗai. Yakan yi minti ashirin ko talatin, ya ɗauke kamar an yanka da wuƙa, can ya dawo.

"Kuma da na taso na nufo mutane sai ya gudu," in ji shi. "Yana jin kunyar baƙi."

Da wasa ya faɗa, amma gabana ya faɗi. Hannun da ya ɗaga min don in yi shiru, wallahi hannun Baba ne.

Ba zama ya yi ba, ya nema. Ya kashe fitila da fanka, ya cire fis ɗin wutar shagon gaba ɗaya, ƙugin yana nan. Ya zaga layin ya tambayi mai yadin da ke damansa, wanda shagonsa cike yake da bandir-bandir har rufi, ya ce shi bai ji komai ba. Mai askin da ke hagunsa rediyo ba ya mutuwa a shagonsa, ko aradu ce ba zai ji ba. Yaya ya cusa auduga a kunne, ya je an wanke masa kunnen, duk a banza. Daga nan ya samo ɗan littafi ya fara rubuta lokacin da abin yake zuwa da lokacin da yake ɗaukewa, minti da daƙiƙa, don shi mai agogo ne, abin da ya iya ke nan. Duk wanda ya zo da gyara sai ya ce masa, "Don Allah ɗan saurara." Mutum ya tsaya a kanta, ya yi shiru don kara, ya girgiza kai, ya karɓi agogonsa ya fita yana waiwaye.

Magana kuwa ba ta kwana. Wata maƙwabciya ta tare ni a bakin famfo, wai tana yi min jaje, ta ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ajiye bokiti na wanke ta tas, har sai da aka riƙe ni. Na dawo gida na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don na san abin da ta faɗa shi ne abin da nake faɗa wa kaina.

Har dokarsa Yaya ya karya. Anti ce ta ba ni labari tana kuka. Ta je shagon, ya ɗaga murfin kanta ya jawo ta da hannu har ƙurya, ya ce ta cire takalmi ta zauna a kujerarsa. Ta zauna. Shiru. Shi ma ya tsaya kusa da ita yana saurare, ya ce yanzun nan ya ɗauke, ta jira. Ta jira minti biyar, tsoronsa ya kama ta, ta ce ta bar tukunya a wuta. Tana kaiwa ƙofa ta ji ya ce a hankali, "Ga shi ya dawo." Daga ranar bai sake cewa kowa ya saurara ba.

Ya rame. Abincin da nake kawowa haka nake mayar da rabinsa. Ya fara jin abin har a gida, in mota ta wuce can nesa ko firij ɗin maƙwabta ya tashi sai ka ga ya daskare yana jira. Agogunan mutane suka taru a tebur ba a taɓa ba, don ya ce ba ya iya jin cikinsu.

Yanzu zan faɗi nawa laifin.

Wata Asabar da azahar na same shi zaune a kan benci a ƙofar shago, ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce jiri yake ji, gida zai tafi. Ya miƙo min ɗan makulli ya ce, "Shiga ki ɗauko min tabarau a aljihun tebur na ƙasa. Ki cire takalmi." Shekarata talatin da takwas, ban taɓa wuce kantar nan ba. Na ɗaga murfin na shiga a kan yatsun ƙafa. Aljihun yana ƙasa sosai, sai na zauna a kujerarsa na sunkuya, kaina dab da bango.

Sai na ji shi.

Kamar yadda ya faɗa, ba a kunne ya fara ba. Wani abu ne ya danne min ƙirji, ya cika min kai, mai nauyi, mara tsayawa, kamar an kifa min babbar tukunya ana gurnani a cikinta. Tsigar jikina ta tashi tun daga ƙafa. Na fizgi tabarau na yi baya, ina isa kanta ya ɗauke ɗif. Tik-tik, hayaniyar titi, mai facin taya yana bugun ƙarfe. Na tsaya riƙe da katako.

Mai hankali zai ce, to ai shi ke nan, abin gaskiya ne, Yaya lafiyarsa ƙalau. Ni ba haka na ce ba. Abin da ya zo min shi ne: ya kama ni ni ma. Anti ta zauna a nan ba ta ji ba, don ita ba jininmu ba ce. Ni 'yar Baba ce. Na tuna 'ya'yana biyu, na tuna ajina, na tuna dangin mijina da suka daɗe da sanin labarin gidanmu suna jiran ranar da za su ce dama sun faɗa.

Na fito na miƙa masa tabarau. Ya ɗago ya dube ni.

"Lafiya?"

"Zafi ne," na ce. "Shagon nan naka kamar tanda."

Ya ci gaba da kallona kaɗan, sannan ya saka tabarau ya tashi. Ni da bakina ba ya riƙe ko sirrin cefane, na riƙe wannan wata huɗu.

A cikin watannin nan aka kai shi asibiti, kuma ni na raka shi. Likita ya yi tambayoyi, Yaya ya amsa da gaskiya: yana jin abin da kowa ba ya ji, ba ya barci, ba ya cin abinci. Aka tambayi tarihin gida, ya faɗa. Likitan ya juyo gare ni ya ce, "Ke kin taɓa jin wannan ƙarar?" Na ce a'a. Aka rubuta magani. Maganin ya sa shi barci, ya kuma sa hannunsa rawa, 'yar rawa ƙanƙanuwa wadda wani ba zai damu da ita ba. Aka rufe shago, aka mayar wa mutane agogunansu. Ya koma zama a tsakar gida a kan kujerar roba, hannuwa a cinya, yana kallonsu.

Ni kuma ina can ina gadin kaina. In ina rubutu a allo sai in tsaya da alli a hannu ina saurare, har yara su fara dariya. Na daina bi ta layin shagon. Na daina zama ni kaɗai a ɗaki. Duk wanda ya ce min "me kika ce?" sai in firgita, in ɗauka na fara magana ni kaɗai.

Da aka ga zaman ya yi tsawo, Anti ta ce a saki shagon. Wani mai gyaran rediyo da sifika, dogo mai yawan magana, ya ce yana so ya gani. Aka ba ni makulli in buɗe masa da safe kafin in wuce makaranta. Na buɗe na toge a kanta. Shi kuwa bai san wata doka ba, ya ɗaga murfi ya shige da takalminsa, yana ƙwanƙwasa bango, yana auna faɗi da taku. Ya kai ƙurya sai ya tsaya.

"Kai, shagon nan yana da ƙugi," ya ce, kamar mai cewa rufi yana yoyo. "Injin wa ke nan?"

Na ce, "Kana ji?"

"Wannan ai ko kurma ya ji a ƙirjinsa. Zo nan, Malama."

Ban so ba, amma na je. Ƙugin yana nan, bai canja ba. Mutumin ya kama jakata ya ja ni taku uku baya, ya ragu. Taku biyu kuma, ya ɓace. Ya mayar da ni ƙurya, ya dawo. Ya yi ta yawo da ni gaba da baya kamar mai koya wa yaro tafiya, yana ta bayani. Ya ce kowane ɗaki yana da muryarsa, kamar yadda in ka hura bakin kwalba take da tata. In wani inji a kusa ya yi daidai da muryar ɗakin, sai ɗakin ya amsa. Ya ce sauti mai kauri yana kai-kawo ne tsakanin bango da bango kamar ruwa a baho in an girgiza: a gefe yake tashi, tsakiya kuwa kusan a kwance take. Ya ce su masu sifika kullum suna fama da wannan, na jikin bango yana kukan kiɗa ya cika masa ciki, na tsakiyar ɗaki yana cewa a ƙara. "Ga shi kuma shagon tsirara yake, ba ko labulen da zai sha shi. Wanda ya zauna a ƙuryar nan ya sha wuya."

Ya karɓi lambar wayata ya ce in tsaya a nan. Ya fita ya zaga ta bayan layi. Bayan kamar minti goma ya kira. Ya ce gida biyu daga bayan shagon akwai masu yin ƙanƙara, sun kafa sabon injin sanyi a kan siminti wata bakwai da suka wuce, yana tashi da kansa ya mutu da kansa. Ya ce a wurinsu ba wata ƙara ce ta a zo a gani ba. "Saurara, za su kashe." Ɗif. "Za su kunna." Ƙugin ya dawo ya cika min ƙirji. Sau uku aka yi. A na ukun ina zaune a ƙasa, ban san lokacin da na zauna ba.

Ban je makaranta ba ranar. Da gudu na isa gidan Yaya, mayafi a hannu, na ce ya taso. Bai tambaye ni ba, ya saba yanzu a ce masa taso ya taso. Anti ta biyo mu.

Mai rediyo ya sake yin bayaninsa tun daga kwalba har baho. Yaya ya matsa jikin kanta. Ya cire takalmi ya shiga. Ya taka a hankali daga kanta zuwa ƙurya, ya dawo, ya sake komawa, yana tsayawa a kowane taku. Aka tura Anti ƙurya, ta dafe ƙirji ta fito tana salati. Aka kira masu ƙanƙara suka kashe, suka kunna. Yaya ya ɗaga yatsa daidai lokacin da ya ɗauke, ya sauke daidai lokacin da ya dawo, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Sai ya zauna a kujerarsa ya kifa goshi a kan tebur, kafaɗunsa suna motsi. Mai rediyo ya ga abin ya fi ƙarfin cinikin shago, ya ce bari ya sha iska. Anti ta fita kiran 'yan'uwa a waya, muryarta har titi.

Muka rage mu biyu, ni a kanta, shi a ƙurya. Ya ɗago ya share fuska. Ya kunna fitila, ya ɗauki hantsaki, ya nufi wani ɗan sukuru da aka bari a faranti. Bakin hantsakin yana ta karkarwa, ya kama, ya suɓuce, ya sake kamawa, ya suɓuce. Na ce masa likita zai tsayar da maganin, rawar za ta tafi, a yau ma za mu koma mu gaya masa. Na ce za a matsar da tebur, a sa labule, a roƙi masu ƙanƙara su sa wa injin roba a ƙasa kamar yadda mai rediyo ya ce. Ina ta zuba, don ina tsoron abin da zai biyo bayan shiru.

Ya ajiye hantsakin. Bai juyo ba.

"Auta, ranar da na aike ki ɗauko tabarau. Kin zauna a nan?"

Na ce, "Na zauna."

"Ƙugin yana yi a lokacin. Ina jin alamarsa a ƙafar benci, ko kuma na ɗauka ina ji. Na ga fuskarki da kika fito." Ya gyara zama. "Na ɗauka ni kike tsoro."

Na buɗe baki in ce zafi ne, in ce ban tabbata ba, in ce yarana na ji wa tsoro. Duk suna nan a kan harshena, kuma na iya jera magana. Na ce, "Na ji shi, Yaya. Na ɗauka ni ma ciwon Baba ne ya kama ni."

Da ya yi faɗa, da na ji sauƙi, don faɗa na san yadda ake yinsa. A hankali ya yi magana, har sai da na jingina da kanta kafin na ji.

"To ko da shi ne, Auta, da kin faɗa min. Da mun zama mu biyu."

Ya sake ɗaukar hantsakin, ya riƙe wuyan hannunsa na dama da na hagu, ya sunkuya a kan farantin. Na tsaya a inda nake ina jira ya ce in tafi ko in zauna, bai ce ko ɗaya ba.